Ƙarfen naka, izinin nasu: yadda lasisin VAX ya ƙare

Bakaniken Sabon Birni ko Isa, in ya sami tsohuwar Peugeot 504 daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ba ya neman yardar kowa kafin ya tashe ta. Zai wanke kafireta, ya sauya fulogi, ya ba ta wuta, kamfanin da ke Faransa bai ma san ana yi ba. Masu ajiye tsofaffin kwamfutoci don sha'awa a Amurka da Turai ba su sami wannan gata ba, kuma labarin na'urar VAX ne babbar shaida.

Kamfanin DEC, wanda Ken Olsen da Harlan Anderson suka kafa a Amurka a 1957, shi ya fito da VAX-11/780 a 1977. Ƙaramar kwamfuta ake ce mata, alhali ta fi kabad ɗin tufafi girma. Sai an jera ta da manyan injinan IBM masu cika ɗaki ake ganin ƙanƙantarta. Manhajar da ke tafiyar da ita VMS ce. Daga 1988 DEC ya ɗaure wannan manhaja da mabuɗin lasisi, wato jerin haruffa da lambobi da ake shigar wa na'urar, wanda ana iya yanka masa ranar ƙarewa.

Da jami'o'i da masana'antu suka fara zubar da waɗannan na'urori, tsofaffin injiniyoyi da ɗalibai suka riƙa kwashe su zuwa gida. A 1997 aka buɗe musu ƙofa: lasisi kyauta ta hannun DECUS, ƙungiyar masu amfani da kayan DEC, bisa sharaɗin ba za a yi kasuwanci da shi ba. Sai dai wa'adinsa shekara ɗaya ne. Kowace shekara mutum ya sake roƙo, a aiko masa da sabon mabuɗi, ya zauna ya shigar. In ya yi sakaci wa'adin ya wuce, na'urar za ta tashi, fankokinta su yi ta kaɗawa, amma babu mai iya shiga cikinta sai ta allon mai kula da ita kaɗai.

Wannan kyauta al'ada ce, ba a taɓa mayar da ita haƙƙi ba, kuma nan gizo yake saƙa. Compaq ya saye DEC a 1998, HP ya haɗiye Compaq a 2002, sannan HPE ya gaji VMS a 2015. Kowane magaji ya ci gaba da ba da mabuɗin don ya ga dama. A watan Maris na 2020 HPE ya ce ya daina, mabuɗan ƙarshe kuma suka mutu ranar 31 ga Disamba 2021. Kamfanin VSI, wanda ya karɓi ragamar raya manhajar tun 2014, ya ba da lasisin kyauta ga na'urorin Alpha da Itanium, amma ban da VAX. A 2024 ya rufe waɗannan ma.

Abin da ya rage wa mai VAX kaɗan ne. Yana iya ɗora mata NetBSD, manhajar da ba ta neman izinin kowa, ko da yake a idon masoyan VMS wannan tamkar sa injin Toyota ne a cikin 504: motar za ta tafi, amma ba ita ba ce. Wasu kuwa agogon na'urar suka mayar baya, domin da shi manhajar ke gane ko wa'adi ya cika. A cikin waɗannan na'urori har yau shekarar 2021 ba ta ƙare ba.