Kowace Hula da Zamaninta

Samarinmu na nan Kwali sun ɓullo da wani yayi. In za a ɗauki hoton Sallah ko na kafin biki, sai a buɗe adakar tsoho a zaro hularsa, a ce wa mai hoto ya mayar da shi baƙi da fari, wai a fito kamar mutanen da. Ba mu ƙi ba, abin yana da kyau. Sai dai kowace hula da zamaninta, kuma da masu ita.

Mu fara da jar dara. Fatake ne suka riƙa kawo ta Kano daga Tunis da Tarabulus ta hanyar Sahara, tun kafin zuwan Turawa. Da Turawa suka zo, sai suka sa ta cikin kayan sojansu, 'yan dokan En'e ma suka ɗauka. Lokacin kuwa Kwali tana ƙarƙashin masarautar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Daga baya Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, ya mayar da jar hula da farin kaya alamar siyasar talakawa. Ka ga hula ɗaya, ma'ana uku.

Zanna Bukar kuwa sunan mutum ce: Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno, minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa da sojoji suka kifar a 1966. Doguwar hular nan da ake cewa Shagari ta yi tashe ne daga 1979 zuwa 1983, sanda Alhaji Shehu Shagari yake mulki. Haɓar kada, mai rufe kunnuwa, ta mafarauta ce da masu shiga daji. To, in yaro ya kafa Shagari ya ce ya fito a ɗan kasuwar zamanin En'e, ai ya haɗa kaka da jika a shekara ɗaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne asalin kayan suna ƙarewa. Da yawa cikin iyayenmu sun sauka garin nan wajen 'yan'uwanmu Gbagyi tun kafin a ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, sun yi fataucin doya da hatsi. Ladi Kwali tana bayan takardar naira 20, duniya ta san fuskarta. Su kuwa namu, hoto ɗaya ne a ƙasan akwati, sai hular da asu yake ci.

Don haka kafin ka ari hular, zauna da mai ita. Tambaye shi inda ya saya, da shekarar, da abin da yake yi a lokacin. In ya riga mu gidan gaskiya, tambayi iya ko gwaggo. Rubuta amsar a bayan hoton, da cikakken sunansa da garin da ya fito. A wanke hular, a adana ta inda ba laima.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.