Landiroba Da Masu Sayar Da Kayanta

Duk wanda zai buɗe shagon kayan gyaran tsohuwar Land Rover, wadda mu a nan muke kira Landiroba, ya sani cewa kuɗi kaɗai ba za su riƙe shi ba, sai ya haɗa da sanin tarihin motar. Ni da nake wannan 'yar sana'a na ga mutum ya shigo da jari mai kauri, ya cika shago maƙil, amma kafin shekara ta zagayo yana neman wanda zai kwashe kayan a kan rabin kuɗi. Alhali kuwa kayan nan lafiyarsu lau, na wani zamani ne dabam da motocin da ke garin. Shi ya sa na ga ya dace in baje wa mai karatu abin da na sani game da inda motar nan ta fito, da yadda tarihinta ke juya cinikinmu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila, har gwamnati ce ke rabonsa, kuma tana fifita kamfanonin da ke sayar da kaya a ƙasashen waje. Kamfanin Rover, wanda ya saba ƙera motocin masu hali, ya shiga tsaka mai wuya. Babban injiniyansa, Maurice Wilks, yana da tsohuwar jif ta sojan Amurka da yake aiki da ita a gona, sai ya ga me zai hana su ƙera irin tasu domin manoma. A ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna motar a Amsterdam. Saboda ƙarancin ƙarfen nan aka yi jikinta da alminiyam, ƙashinta na ƙasa kuwa aka yi shi da ƙarfe. Wannan dabara ta dole ita ce ta sa har yau ake ganin Landiroba mai shekara hamsin ta kwarzane ta lotsa, amma jikinta babu tsatsa. A Ingila ruwa da gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi ne ke cinye ƙashin, mu kuwa busasshiyar ƙasarmu ta yi mata rana. Saboda haka sabon ɗan kasuwa da ya zuba kuɗinsa a ƙofofi da murfin inji zai daɗe yana kaɗe musu ƙura. Abin da ke juyawa shi ke mutuwa, shi ake nema.

A ƙasar Hausa motar ta shigo ne a matsayin motar hukuma. Ita ce ta Di'o, ta En'e, ta 'yan sanda, ta malaman gona da na asibiti masu zuwa ƙauye. Da aka fara gagarumin aikin yi wa shanu allurar ciwon bushiya a 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, irin wannan mota ce ke kai malaman dabbobi rugage inda babu ko burtali. A wancan lokacin manyan kamfanonin Turawa ne ke shigo da ita da kayanta, ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da wurin sa hannu.

To, a nan ne ya kamata mai son sana'ar ya buɗe kunne. Landiroba ba guda ɗaya ba ce, ko da yake ido na ganin duk kamarsu ɗaya. Samfuri na biyu ya fito a 1958, aka ɗan sake shi a 1961, na uku ya fito a 1971 aka ci gaba da yin sa har 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109, kuma sifirin ɗinsu da birkinsu ba ɗaya ba ne. A 1967 aka juya yadda ake haɗa batir da jikin motar, saboda haka kayan wutar da aka yi kafin nan ba su cika jituwa da na bayan nan ba. Sannan ga namu tarihin na gida: a watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, motocin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu na dama, na baya kuma na hagu. Na Nijar kuwa tun asali na hagu ne. Akwatin sitiyarin wannan ba ya hawa waccan. Idan bakanike ya turo yaronsa da cewa a ba shi “na Landiroba”, ni ba na miƙa komai sai an karanto mini lambar da ke jikin motar, ko a kawo mataccen in gani da idona.

Maganar sifana kuwa ita ce ta fi burge ni, kuma a nan ne ƙaramin shago ke iya kere babba. Tun a 1841 wani Bature mai suna Joseph Whitworth ya tsara ma'aunin noti da Ingilishi suka daɗe a kansa. Motocin farko da wannan ma'auni aka ɗaure su. Daga baya kamfanin ya karɓi ma'aunin inci irin wanda Ingila da Amurka da Kanada suka amince da shi a 1949, amma bai canza komai da komai a lokaci guda ba, akwatin giya ya daɗe a kan tsohon ma'auni. Wajen 1980 kuma aka sake fasalin injin, notinsa suka fara komawa milimita. Wato ke nan mota ɗaya tana iya ɗauke da noti iri uku! Bakaniken da ya tashi a kan motocin Japan sifanunsa duk na milimita ne. Zai ɗora lamba 13 a kan notin rabin inci ya ga kamar ta zauna, ya ja da ƙarfi, kan notin ya murje, aikin minti goma ya koma na yini da guduma da kurfi. Sifanun inci da na Whitworth ba su da tsada a inda ake yin su, ba sa lalacewa a ajiye, kuma wanda ya sayi saiti a wurinka ya riga ya san ƙofar shagonka. Ni a ganina da su ya kamata a fara, kafin ma fistin da ringi.

Mai karatu zai tambaya, to yaya aka yi motar da ta mallaki daji haka ta koma abar nema? Kamfanin Rover ya shige cikin Leyland a 1967, shekara guda bayan nan aka haɗa babban kamfanin British Leyland, wanda yajin aiki da rashin kuɗi suka addabe shi har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi a 1975. Mai son mota sai ya yi ta jira, mai son kayan gyara ma haka. Ana cikin haka Toyota ta shigo da Land Cruiser mai babban inji, ga kayanta a ko'ina. An buɗe masana'antar Leyland a Ibadan a ƙarshen shekarun 1970 inda ake harhaɗa Land Rover, sai dai ba ta yi nisan kwana da ƙarfinta ba, domin kuɗin mai ya faɗi, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin nan na SAP, darajar naira ta zube, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya a kan motocin Toyota a-kori-kura, har yaƙin ya samu suna daga motar. Daga nan duk mai shiga hamada ya san inda iska ta kaɗa, direbobin Agadas ma sannu a hankali suka koma can.

Da manyan kamfanoni suka janye hannu, sai fili ya zama na ƙanana. 'Yan kasuwar Nnewi suka nuna yadda ake kai samfurin kaya Taiwan a ƙero irinsa. Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama wurin kayan kwance. Motocin da hukuma ta yi gwanjonsu suka faɗa hannun masu janwe, waɗanda suka girka musu ƙugiya a baya suna jan motocin da suka mace a hanya, da manoma, da masu jigila a kan tsaunin Mambila inda hanya ke gagarar ƙananan motoci. Waɗannan su ne masu cinikinmu, kuma mutane ne da motarsu ce abincinsu. Idan shaf ɗin tayar baya ya karye, wanda shi ne sanannen raunin motar in an yi mata lodi aka fizge ta a giyar ƙarfi, ranar babu cefane. Irin wannan mutumin ba a sayar masa da jabu, domin gobe shi ne zai tsaya a gareji yana faɗa wa kowa sunan shagonka.

A ranar 29 ga Janairu 2016 aka ƙera ta ƙarshe a masana'antar Solihull, bayan an yi fiye da miliyan biyu. Wadda suka fitar a 2020 da sunan Defender wata halitta ce dabam, cike da kwamfuta, babu ruwanta da shagonmu. Abin mamaki, daina ƙerawar bai kashe kayan gyara ba. Masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun yi yawa, kamfanoni masu zaman kansu na ƙera kusan kowane yanki nata sabo, wani mai kyau, wani kuwa sai a hankali. Yau da waya a hannu ana iya odar abin da a 1990 sai an yi tafiyar kwana biyu ana cigiyarsa. Canjin kuɗi da kuɗin fito ne ke cin ribar.

Abin da ya fi damuna a sana'ar shi ne kwance. Riba ce mai sauri: ka sayi motar da ta kwanta, ka farke ta, ka sayar da inji dabam, giya dabam, jikin kuma masu ƙera tukwanen alminiyam su auna a sikeli su narke. Amma tunda ba a ƙera sabuwa, duk motar da aka farke an rage mai ciniki ɗaya ne har abada. Ni dai idan aka kawo mini tallar wadda ta kwanta, nakan fara shiga ƙarƙashinta da guduma in bubbuga ƙashin. In ya amsa da ƙara mai kyau, sai in nemi mai janwe ko manomin da zai tashe ta, in ba shi kaya bashi zuwa kaka. In guduma ta shige, sai in kira yara su zo da sifana.