Albashi a takarda, albashi a aljihu: Yadda ma'aikaci a Tambuwal da Kebbe zai lissafa abin da ya rage masa

A ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, kuma gwamnatin Ahmed Aliyu ta fara biyan sabon albashin a Jihar Sokoto a farkon 2025. A takarda, ƙarin ya kai kashi 133 cikin 100. Sai dai malamin firamare a Dogon Daji ko ma'aikacin lafiya a Kuchi ba da adadin da ke takarda yake cefane ba, da abin da ya shigo asusunsa yake yi. Tsakanin adadin biyu akwai cire-ciren da ma'aikata da yawa ba su taɓa zama sun lissafa ba.

Abin da ake cirewa

Na farko shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10. Galibi ana lissafa wannan ne a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri, ba a kan dukkan albashin ba. Dokar ta shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa dokar jiharsu suke bi, don haka takardar albashin kowa ce za ta nuna abin da ake cire masa. Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, mai karɓar kashi 2.5 cikin 100. Bayan waɗannan sai kuɗin ƙungiyar ƙwadago da na ƙungiyar taimakon juna, ga wanda yake ciki.

Sai haraji. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100, daga nan kason yana hawa har zuwa kashi 25 ga masu samun fiye da miliyan 50. Mai albashin naira 70,000 yana samun 840,000 a shekara, wato ya haura layin da 40,000, amma dokar ta keɓe masu karɓar mafi ƙarancin albashi daga biyan wannan haraji.

A ɗauki misalin ma'aikacin da albashinsa ya kai naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara. A ce ɓangaren da ake lissafa wa fansho 120,000 ne: kashi 8 ya zama 9,600 a wata. A ce tushen albashinsa 80,000 ne: asusun gidaje ya ɗauki 2,000. A shekara waɗannan biyun sun kai 139,200, kuma ana fitar da su kafin a lissafa haraji. Idan yana biyan hayar gida 200,000 a shekara, doka ta ba shi sassaucin kashi 20 na hayar, wato 40,000. Abin da ya saura shi ne 1,620,800. A fitar da 800,000 da aka yafe, saura 820,800. Kashi 15 na wannan shi ne 123,120 a shekara, ko 10,260 a wata. Abin da zai isa hannunsa ke nan naira 128,140, kafin kuɗin ƙungiya.

Wanda ke zaune a gidan gado, kamar yadda aka saba a waɗannan garuruwa, ba shi da sassaucin haya, kuma harajinsa zai ɗara na wancan da naira 500 a wata. Mai haya kuwa ya riƙe rasit, domin sai ya bayyana abin da yake biya kafin a rage masa.

Wata ɗaya, kwana talatin

Naira 128,140 idan aka raba ta kwana 30 ta zama kimanin 4,270 a rana. Mai 70,000 yana da 2,333, kuma idan baki bakwai ke ci a gidansa, kowa ya tashi da 333. Wannan rabon ya fi kowane jadawali amfani, domin shi ke nuna tun ranar biyar ga wata ko kuɗin zai kai ranar ashirin.

Akwai wata dabara da ta yaɗu daga Amurka ta raba albashi kashi 50 ga buƙatu, 30 ga sha'awa, 20 ga ajiya. A gidan da hatsi da cefane kaɗai ke cinye fiye da rabin albashi, wannan ba ta ko kama hanya ba. Abin da ya fi karya magidanci a nan shi ne hidimar da ba ta zuwa kowane wata: haya, kuɗin makaranta zango uku, takin zamani da kuɗin ƙwadago a damina, ragon layya, ɗinkin Sallah, suna da biki. A tara su duka a raba 12. Hayar 200,000 kaɗai tana nufin ware 16,667 kowane wata, wato ainihin kuɗin kashewa na ma'aikacin misalinmu ya koma 111,473. Adashi yana iya ɗaukar wannan nauyi, muddin an tsara kwasar ta faɗo a watan da buƙatar za ta zo, ko kuma lokacin kaka da gero da dawa suka fi araha.

Ƙananan caji ma ba abin rainawa ba ne. Idan mai POS yana karɓar 200 a kan kowace 10,000, kashi 2 cikin 100 ke nan. Wanda ya cire albashin nan gaba ɗaya ta wannan hanya ya bar kusan 2,600 a shago, fiye da kuɗin yini guda na mai ƙaramin albashi.

Mafi haɗari shi ne bashin da ake cirewa daga albashi. Idan aka ce wa mutum ruwan kashi 5 ne kacal, tambayar farko ita ce: a wata ko a shekara? Rancen 100,000 a kan kashi 5 duk wata na tsawon wata shida yana nufin biyan 130,000, wato 21,667 a kowane wata. Kuma da yake galibi ana lissafa ruwan a kan cikakken kuɗin har zuwa ƙarshe, alhali bashin yana raguwa duk wata, ainihin tsadarsa ta fi yadda aka faɗa nesa ba kusa ba. Ga ma'aikacin misalinmu, kuɗin yininsa zai sauka daga 4,270 zuwa kimanin 3,550 har wata shida, kafin a ware haya.