Tarihin Akwatin Da Ke Kan Rufi, Da Mutumin Da Ke Hawa Ya Duba Shi

Tunda bazara ta kama, hirar dandalin nan ba ta wuce abu uku ba: zafi, rashin wuta, da AC ɗin ofis da ya daina sanyi. Kuma zafin ba wasa ba ne. A watan Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan ba mu da nisa da hakan. Shi ya sa yau zan ɗan ja ku zuwa tarihin manyan na'urorin sanyaya da ɗumama gini, irin waɗanda ake ɗorawa a kan rufin bankuna, asibitoci da manyan kantuna. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Mu fara daga ƙanƙara. Kafin a san inji, sanyi haja ce da ake fatauci. Wani ɗan kasuwar Boston a Amurka, Frederic Tudor, yakan sa a yanko ƙanƙarar tafkuna lokacin hunturu, a lulluɓe ta da dusar katako, a loda a jirgin ruwa. A 1806 ya kai ta tsibirin Martinique, a 1833 kuma har Kalkata ta Indiya. A jihar Florida wani likita, John Gorrie, da ke fama da masu zazzaɓin shawara, ya ga sanyaya ɗakin majinyata na ba su sauƙi, sai ya ƙera injin yin ƙanƙara, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1851. Bai samu masu zuba jari ba, ya rasu a 1855 cikin talauci.

Wannan zamanin ya bar mana gado guda. Har yau ana auna ƙarfin manyan na'urorin sanyi da “tan”. Tan ɗaya na sanyi shi ne adadin zafin da zai narkar da ƙanƙara mai nauyin kimanin kilo 907 cikin awa 24. AC ɗin bangonka mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kusan tan ɗaya ke nan. Na kan rufin kuwa suna farawa daga tan 3, akwai wanda ya haura tan 100.

Na'urar zamani ta samo asali ne a 1902, kuma ba don jin daɗin mutane aka yi ta ba, don takarda aka yi. Wata maɗaba'a a unguwar Brooklyn ta birnin New York, mai suna Sackett-Wilhelms, tana buga hotuna masu launi. Idan laima ta yi yawa a iska sai takarda ta kumbura, launi na biyu ya ƙi hawa daidai kan na farko, aiki ya lalace. Wani matashin injiniya ɗan shekara 25, Willis Carrier, ya tsara yadda za a bi da iska ta kan bututai masu ɗauke da ruwan sanyi. Raɓar da ke cikin iskar sai ta taru a jikin bututun ta ɗige, kamar yadda jikin gorar ruwan sanyi ke yin gumi. Iska ta bushe, ta kuma yi sanyi.

Daga masaƙu da masana'antu abin ya fito cikin jama'a. A 1924 aka saka wa kantin Hudson na birnin Detroit, a 1925 gidan sinima na Rivoli a New York, a 1928 zauren majalisar wakilan Amurka, a 1929 na dattawa. Sai dai injinan wancan lokaci ƙatti ne. Sai an ware musu ɗaki a ƙarƙashin gini, a haɗa su gunduwa-gunduwa a wurin, a kuma ɗauki injiniyan da zai zauna da su kullum. Gas ɗin da ake amfani da shi kuma, irin su amoniya, guba ne, in ya tsiyaya yana iya kisa.

Abu biyu suka hau da na'urar kan rufi. Na farko, gas ɗin Freon. A 1930 Thomas Midgley ya tsaya gaban taron masana ilimin sinadarai, ya shaƙi sabon gas ɗin, ya hura shi ya kashe kyandir, don ya nuna ba ya guba kuma ba ya kama wuta. Na biyu, salon ginin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amurkawa suka fantsama bayan gari, aka shiga gina makarantu, kantuna da rumbunan ajiya masu hawa ɗaya, masu faɗi, da shimfiɗaɗɗen rufi. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota, rufaffiyar kasuwar zamani da ake sanyaya ta da bazara a ɗumama ta da hunturu. Ɗan kasuwa ba ya son ya ba inji filin da zai iya jera kaya. Rufi kuwa fili ne na banza. Sai kamfanoni suka fara haɗa komai cikin akwatin ƙarfe guda tun daga masana'anta.

Me ke cikin akwatin? Akwai kwamfiresa mai matse gas. Akwai nannaɗaɗɗen bututu na waje da fanka ke hurawa don ya zubar da zafi, da na ciki da ke tsotse zafin iskar gini. Akwai babbar fanka mai tura iska cikin hanyoyin da ke bin silin, da matatar ƙura a gabanta. A ƙasashen sanyi akan haɗa da murhun gas ko na lantarki don ɗumama gini. Da yawa suna da wata ƙofa mai buɗe kanta: in iskar waje ta fi ta ciki sanyi, sai ta shigo da ita, kwamfiresa ya huta.

Ɗora shi ma aiki ne na masu sani. Sai injiniya ya tabbatar rufin zai ɗauki nauyin. Sai a lissafa girman ginin, tagoginsa, yawan mutanen da ke shiga, don a san tan nawa ake buƙata. In na'urar ta yi ƙanƙanta, ba za ta huta ba har ta ƙone. In ta yi girma fiye da kima, za ta riƙa tashi tana mutuwa kafin ta tsane laimar ɗaki, ta ci wuta, ta gajiyar da kwamfiresa. Sannan a gina mata dakalin zama, a liƙe gefensa yadda ruwan sama ba zai bi ya sauka ba, a kawo mota mai ƙugiya ta ɗaga ta, a haɗa wuta, a haɗa bututun zubar da ruwan raɓa.

To a nan gizo ke saƙar. Injin da ke ƙarƙashin gini yana da mai gadinsa. Wanda ke kan rufi ba mai ganinsa. Rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, ƙura ta cika shi, shugaban ma'aikata yana ƙasa yana shan sanyi, bai ma san launin akwatin ba. Ba a tunawa da shi sai ranar da ya tsaya.

Amurka ta koyi wannan darasi da gawawwaki. A watan Yulin 1976, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ta yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke birnin Philadelphia. Bayan an watse, mahalarta suka fara kwanciya da zazzaɓi da ciwon huhu. Mutum 221 suka kamu, 34 suka rasu. Aka yi ta zargin guba, wasu suka ce makirci ne. Sai a watan Janairun 1977 Joseph McDade na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano wata ƙwayar cuta da ba a san ta ba, aka raɗa mata suna Legionella. Tana hayayyafa cikin ruwa mai ɗumi da ya kwanta, mutum ya shaƙe ta cikin feshi. Zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan hasumiyar ruwan da ke sanyaya na'urar otal ɗin.

A lura, ba kowane akwatin rufi ke da irin wannan hasumiya ba. Galibinsu da iska suke zubar da zafi, manyan gine-gine ne ke amfani da ruwa. Amma darasin ɗaya ne, kuma an sake maimaita shi. A 2015 cutar ta ɓarke a kudancin Bronx ta New York, mutum 138 suka kamu, 16 suka rasu, aka bi sawu har zuwa hasumiyar wani otal. A shekarar birnin ya kafa doka: duk mai irin wannan hasumiya sai ya yi mata rajista, a riƙa gwada ruwanta, a riƙa wanke ta, a kuma ajiye shaidar an yi.

Shi ma gas ɗin da Midgley ya shaƙa ya zo da nasa. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa dangin Freon, in suka tashi sama, suna cinye lulluɓin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. A 1985 masana daga Birtaniya suka ba da rahoton ɓulewar lulluɓin a saman Antatika. A 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal, wadda a ƙarshe kowace ƙasa ta amince da ita, har da Najeriya da Nijar. Gas ɗin da suka maye gurbi ba sa taɓa ozon amma suna ɗumama duniya, don haka a 2016 aka sake zama a Kigali ta Ruwanda aka amince a rage su su ma.

Duk waɗannan takardu da shugabanni suka sa wa hannu, a ina ake aiwatar da su? A kan rufi, a hannun makaniki. Shi zai zaɓa ko ya zuƙe tsohon gas cikin tukunya, ko ya kwance bututu ya sake shi cikin iska. Amurka ta gane haka. Tun 1992 ta haramta sakin irin wannan gas da gangan, kuma ba ka taɓa shi sai ka ci jarrabawa ka karɓi shaida. Gas ɗin R-22, wanda har yanzu ake cika wa tsofaffin AC a garuruwanmu, an daina haɗa shi ko shigo da shi Amurka tun farkon 2020.

Yanzu mu dawo gida. Lee Kuan Yew, wanda ya gina Singafo, ya taɓa cewa na'urar sanyi na cikin ƙirƙire-ƙirƙiren da suka fi yi wa ƙasarsa amfani, kuma cikin abubuwan farko da ya yi bayan hawa mulki akwai saka ta a ofisoshin gwamnati don ma'aikata su iya aiki. Mu ma mun saka. Wanda duk ya yi aikin gwamnati ya san tsofaffin sakatariyoyi masu hanyoyin iska a silin, waɗanda yanzu ɓera da gizo-gizo ke haya a ciki. Babbar na'urar ta mutu, aka fasa bango aka sa ta taga. Ta taga ta mutu, aka rataya ta bango. Gini ɗaya, zuriya uku ta AC, biyu gawa.

Alhali namu yanayin ya fi nasu buƙatar kulawa. Ƙurar hunturu tana toshe matata da bututun waje cikin 'yan makonni. In suka toshe, zafi ba ya fita, kwamfiresa ya yi ta nishi yana jan wuta har ya ƙone. Ga wutar da ke hawa da sauka, ga janareto. Na'urar da ya kamata ta yi shekara 15 zuwa 20 sai ta tsufa tun tana budurwa. Kuma abin da take nema bai taka kara ya karya ba: a canza matata, a wanke bututu, a duba bel da fanka, a share hanyar ruwa, a ɗaure wayoyi. In gas ya ragu, a nemo inda yake tsiyaya a toshe. Gas ba man fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Duk wanda ke zuwa maka “ƙarin gas” kowace bazara, ruwa yake zubawa a rariya, da kuɗinka.

Me ya sa ba a yi? Mu faɗi gaskiya. Sayen sabo kwangila ce, akwai hoto, akwai yanka kirtani. Wanke matata ba ya fitowa a jarida. Kuɗin gyara yana cikin kasafin yau da kullum, shi ake fara zaftarewa, shi ake ƙarshen saki. Sai a jira abu ya mutu a rubuta takardar neman sabo. A ofis, abin da za a yi asara gumi ne da kuɗin jama'a. A asibiti kuwa maganar ɗakin tiyata ake, da ma'ajiyar magani, da ɗakin jariran da aka haifa bakwaini.

Shawarata ga masu ruwa da tsaki guda huɗu ce. Kada a sa hannu kan kwangilar saye sai da yarjejeniyar kulawa ta shekaru a jikinta. Kowace na'ura ta samu littafinta: ranar da aka duba ta, abin da aka yi, wanda ya yi. A gina matakala mai aminci da shingen kariya a rufin, don makanikin ma ɗan wani ne, kada ya je neman halak ya faɗo. Sannan kwalejojin fasaha su ɗauki wannan sana'a da muhimmanci, a ba yaranmu horo da shaida. Duniya ƙara zafi take, aikin nan ba zai yanke ba.

Masu gyaran firji da AC da ke cikinku, ku faɗa mana abin da kuka fi tararwa in kun buɗe na'urar ma'aikata. Sauran kuma, gobe in ka je ofis ka tambayi mai kula da gini yaushe rabon da wani ya hau rufin. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya sanyaya mana duniya da lahira.