Usman Nagogo da Gidan da Ya Gaji Ƙwallon Dawaki

A Ingila akwai gidajen da wasan kurket ya zame musu gado. Gidan Grace na gundumar Gloucestershire ne ya fi shahara, domin a 1880 'yan'uwa uku daga cikinsa suka buga wa ƙasarsu wasa a fili ɗaya. Kurket ya iso mana ta Kwalejin Katsina, inda ɗalibai irin su Ahmadu Bello suka buga shi, amma bai yi saiwa ba. Wasan da ya zama gado a Katsina shi ne ƙwallon dawaki, gidan da ya gaje shi kuwa gidan Sarki Muhammadu Dikko ne.

Dikko ya hau gadon sarauta a 1906. Ya ziyarci Ingila a 1921, kuma a zamaninsa ne wasan ya kafu a Katsina. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Turawa sun rufe babin yaƙi, amma barga tana nan, mahaya suna nan. Masarautar da hakimanta, irin su 'Yandaka na Dutsin-Ma da Maraɗi na Kurfi, ke shigowa birni da dawakinsu kowace Sallah ba ta buƙatar a koya mata sukuwa. Sanda da ƙa'ida kaɗai ne baƙi.

A wannan gida aka haifi Usman Nagogo a 1905. Ya shugabanci 'yan dokan En'e, ya riƙe sarautar Magajin Gari, sannan ya gaji mahaifinsa a 1944. A ƙwallon dawaki ana auna gwanintar ɗan wasa da maki, goma ne ƙololuwa, kuma akasarin masu wasan a duniya ba sa wuce biyu. Nagogo ya kai bakwai. Ya kai wannan mataki ne a zamanin da hafsoshin Turawa ke ɗaukar wasan a matsayin nasu, saboda haka filin wasa ya zama ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da basarake zai kayar da mai mulkinsa a bainar jama'a, a kuma tafa masa.

Bayan rasuwarsa a 1981, 'ya'yansa sun riƙe sandar. Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, bai rabu da wasan ba, haka ma Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi mulki har 2008.

Akan ce abin a jini yake. Amma a duba yadda wasan yake: mutum huɗu a kowane ɓangare, zagaye na minti bakwai, kuma doki ba ya jure zagaye da yawa a jere, dole ɗan wasa ya mallaki dawaki da dama. Ke nan abin da Dikko ya bar wa zuriyarsa shi ne barga da masu kula da ita, da fili, da lokacin motsa doki tun ana yara. Haka gidan Grace ya kasance: mahaifinsu ya gyara musu wurin atisaye a gonar gida.

Yaron Kurfi da ya iya zama a kan sirdi yana iya zama Nagogo na gaba, amma ba zai kai ba muddin barga da fili suna hannun gidaje ƙalilan.