Makoki Ba Gawa: Yaƙin Bama da Iyalan da Aka Bari a Gida

Hausawa kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan magana ta dace da halin da gidaje masu yawa na ƙasar nan suka shiga a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1939 zuwa 1945. A cikin wannan yaƙi ne Turawan Ingila suka kwashi dubban samari daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da suke mulka, suka kai su Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, domin su yaƙi Japan. Runduna ta 81 ta gwabza a kwarin Kaladan a 1944, Runduna ta 82 kuwa ta bi ta yankin Arakan har 1945. Da yawa daga cikin sojojin 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki.

Abin lura a nan shi ne, a al'adar Bahaushe mutuwa tana da ƙa'idojinta. Akan yi wa mamaci wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a binne, sa'an nan a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Waɗannan abubuwa su ne ke saukar da baƙin ciki sannu a hankali. To, wanda harsashi ko ciwo ya kashe a kurmin Bama, iyalinsa ba su ga gawa ba, ba su san kabari ba.

Nauyin ya fi faɗa wa mata. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, amma sai an tabbatar da mutuwa ake shiga ta. Haka kuma ba a raba gado sai da tabbaci. Saboda haka matar da labari bai iso mata ba takan zauna tsakiya, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Uwa kuwa, musamman idan ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko ambaton sunansa, sai ta haɗiye abin a ciki. Yaran da suka tashi a irin wannan gida shiru suka gada, jikoki kuma suka tarar da gurbi a cikin asalinsu.

Hukuma ta adana sunayen wuraren daga: akwai barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, an rubuta sunayen mayaƙa kusan 27,000 waɗanda ba a san kaburburansu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Amma jikoki nawa ne suka san sunan kakansu yana can?

Aikin da ya rage wa ɗalibai da ma'aikata shi ne su tambayi dattawan gidajensu, su rubuta sunayen nan tun masu tunawa suna raye. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, amin.