Rabi da Abu: Addini da Gidan Aure a Littattafan Balaraba Ramat Yakubu

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya tsuke, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka rage buga ƙagaggun labaran Hausa. Sai matasa a Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Wannan ne adabin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da bai yi wa marubutan daɗi ba. Cikin matan farko da suka fito a wannan zango akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, 'yar ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suke.

An haife ta a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Tun ba ta wuce shekara 13 ba aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita, auren kuwa bai yi ƙarko ba. Karatun da ya kuɓuce mata, sai daga baya ta koma ta nemo shi a ajin manya.

Budurwar Zuciya ya fito a 1987, labarin alhajin da ya mai da aure da saki abin wasa. Daga nan aka gane inda alƙalaminta ya dosa. Yawancin tsararrakinta suna tsayawa a kan saurayi da budurwa, labari ya ƙare ranar ɗaurin aure. Ita daga ranar take farawa: kuɗin cefane, rabon kwana, kishiya, 'ya'ya.

A 1990 ta fitar da littattafai biyu da har yau su ake fara ambata. Wa Zai Auri Jahila? ya bi Abu, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya hana ta boko, saurayinta ya guje ta don ba ta da ilimi, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, tsohon da ya yi jika da ita. Ta gudo Kano, ta yi karatu, ta zama nas. Ba sai an faɗa ba, akwai inuwar rayuwar marubuciyar a nan.

Alhaki Kuykuyo Ne ya fi nauyi. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma yana ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta tara. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, gida ya rikice, ya kori Rabi da yaran. Ta kama sayar da abinci, da shi ta ci da su, ta biya musu kuɗin makaranta, har 'yarta Saudatu ta auri attajiri mai mutunci. Sai gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, arziki ya watse, Delu ta juya masa baya.

Abin lura shi ne yadda Balaraba ta riƙe addini a wannan labari. Ba ta taɓa sa matanta su yi wa Musulunci tawaye ba. Rabi mai salla ce, mai kai kukanta ga Allah. Wanda ake aunawa da ma'aunin shari'a mijin ne: ciyarwa wajibi ce a kansa, adalci tsakanin mata sharaɗi ne na ƙarin aure, duka biyun ya kasa. Hujjar da aka saba ɗora wa mace don ta yi shiru, ita marubuciyar ta ɗauka ta tuhumi namiji da ita. Wani manazarci a Amurka, Novian Whitsitt, ya yi rubutu a kan wannan salo nata a 2002.

Ƙarshen littafin ne mai ɗaci. Bayan Alhaji Abdu ya tsiyace, maza na dangi suka taru a kan Rabi, da lallashi da matsi, sai ta koma masa. Ta koma, ba don tana so ba, kuma yanzu ita ke riƙe da gidan. Wasu za su ce marubuciyar ta sassauta. A ganina ba ta sassauta ba, gaskiyar gidajen Kano ta rubuta: alhaki ya kama mai shi, amma haƙurin da za a rufa masa asiri da shi, daga wajen wadda aka zalunta aka sake karɓowa. Babu wanda ya tambayi Rabi nawa ta riga ta biya.

An mai da littafin fim a 1998, Balaraba ma ta shiga harkar shirya finafinai, ta kuma jagoranci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi. A 2012 kamfanin Blaft da ke birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi, shekara 22 bayan fitowarsa a Kano.